Koren Ƙyalle a Hannun Mama

Mijina likitan tiyata ne, cikin waɗanda ake nema in mota ta yi haɗari ko gini ya rufta wa mutane. Ni kuwa karatuna a sakandare ya tsaya. Aikina gida ne da yara da keken ɗinkina, sai taron zumuntar matan cocinmu. A Samaru muke zaune. Mahaifiyata, wadda kowa ke kira Mama har da 'yan unguwa, tana Sabon Gari, a gidan da aka haife mu, bayan kasuwa.

Wata rana mijina ya dawo daga aiki ya zauna gaban tuwo bai taɓa ba. Na ɗumama miyar, ta sake hucewa. Da na matsa masa sai ya ce an kawo musu mutane da yawa lokaci guda daga wani haɗari. Kowa ya yi kan masu ihu da waɗanda danginsu suka fi ɗaga murya. Wata mata kuma tana kwance a gefe shiru, jini na zuba a cikin cikinta, ba wanda ya lura da ita sai da lokaci ya ƙure.

"Mai ihu yana da numfashi," in ji shi. "Wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro. Duk mun san haka a takarda, amma da abin ya zo ƙafafunmu ba su sani ba."

Daga nan ya ɗaura niyyar yi wa ƙananan likitocinsa atisaye, a riƙa gwada ranar masifa tun ba ta zo ba. Ya ce abu na farko shi ne a rarrabe mutane tun daga bakin ƙofa, a ɗaura wa kowa alama a hannu. Ja na wanda in an bar shi zai mutu yanzu, rawaya na wanda zai iya jira kaɗan, kore na mai ƙaramin rauni, komai ihunsa. Baƙi kuwa na wanda rai ya riga ya yi halinsa. Na ce masa in dai ƙyalle ne ya bar mini. Na je kasuwar Sabon Gari na sayo yadi, na yanka siri-siri, na kalmashe bakinsu. Baƙaƙen sai da na yi addu'a kafin na sa su a keke. Da na zo kan korayen koren zarena ya ƙare, na yi ƙyuyar komawa kasuwa, na ɗinke su da fari.

Saura waɗanda za su kwanta a matsayin masu rauni. Na kai maganar wurin zumunta, mata suka cika mota. Muka dafa zoɓo mai kauri, muka dama shi da sitaci ya zama jini. A cikinmu akwai ƙawar Mama, wata 'yar Ibo mai sayar da kwanuka, wadda muke kira Maman 'Yan Biyu. Ta fi mu Hausa, ta kuma fi mu surutu. Ita mijina ya zaɓa ta zama mai zubar jini a ciki, ta kwanta kada ta ce uffan.

"Ni za ka ce in yi shiru?" ta ce. "Likita, ka karya mini ƙafafu duka biyu, amma ka bar mini bakina."

Ni kuma aka ba ni ɗan ƙujewa a goshi, aka ce in yi ta ihu.

Ranar wata Asabar da safe muka baje a ƙarƙashin bishiyoyin harabar asibitin. Aka busa usur, likitocin suka fito a guje da ƙyallayena a aljihu. Ban gama ihun farko ba na ga sun yi kaina. Ɗaya ya rusuna ya ce, "Momi, ina kwana?" Ɗaya ya ruga ya kawo mini kujera. Wata 'yar siririyar likita, wadda ta sha cin abinci a gidana, tana ta goge mini zoɓo da auduga kamar za ta yi kuka. Mijina yana tsaye yana duba agogo. Can sai ya taka wurin Maman 'Yan Biyu, ya ɗaura mata baƙin ƙyalle.

Ta tashi zaune ta dubi hannunta. "Na mutu ke nan? Saboda matar oga ta ƙuje goshi?"

Aka fashe da dariya. Ni ban yi ba, don matar nan da jini ya zuba a cikinta da gaske ce ta faɗo mini a rai.

A gida ya ce nan gaba in yi zamana, ganina yana rikita ƙananan likitocin.

Na ce, "Baban yara, ai shi ya sa zan koma. Ranar da abin ya zo da gaske, za a rasa matar wani oga a ciki ne?"

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ja kwanon tuwonsa.

Haka na riƙa zuwa duk atisaye, kuma ban tausaya musu ba. Ina kama musu riga, ina cewa, "Ɗana, ni ce fa, ba ka gane ni ba?" Yaran nan tarbiyya ce ke kayar da su. An raine su a kan ba a wuce babba ba a gaisa ba, ga shi ana so su koyi wucewa. Sai wata Asabar siririyar likitar nan ta zo, ta taɓa wuyan hannuna, ta ce in tashi tsaye. Na tashi. Ta ɗaura mini kore, ta ɓamɓare yatsuna daga rigarta ta ce, "Momi, je ki gindin bishiyar can," ta wuce ba ta waiwayo ba. A makon nan na soya mata cincin cike da bokiti.

Da damina ta kama, Mama ta aiko cewa za ta zo mana yini. Na jiƙa shinkafa, na share ɗakin da take kishingiɗa. Da hantsi aka tsuge da ruwa. Ana cikin ruwan ƙanena ya kira ni a waya. Bas ɗin da Mama ta shiga daga Sabon Gari ta yi karo da tifar yashi a hanyar Samaru, an kwashe su duka zuwa asibitin mijina. Ban san yadda na hau acaɓa ba, da silifas ɗin wanki a ƙafata.

Abin da muka yi ta wasa da shi da zoɓo, shi na tarar, sai dai wannan yana da ƙarni. An ja igiya an tare dangi. Motoci suna ta sauke mutane, a bakin ƙofa kuma likita yana duba kowa yana ɗaura masa ƙyalle. Na sami Mama a baranda, a kan benci, cikin masu jira. Wuyan hannunta ya kumbura ya karkace, an tallafe shi da kwali da bandeji, an kuma ba ta maganin zafi. A ɗaya hannun ga koren ƙyalle mai farin zare.

Matar da ban taɓa jin ta koka da ciwo ba, ita ce take nishi tana kiran sunan Yesu a hankali. Na durƙusa na riƙe tafin hannunta mai lafiyar, na ji shi da ɗumi. Na tuna mijina ya ce kore yana iya rikiɗewa ya koma ja, don haka na yi ta jan ta da magana ina sauraron muryarta. Ta ce ina kwandonta, akwai daddawa da busasshiyar kuɓewa da ta kawo mini. Da na ji tana cigiyar daddawa sai na ɗan samu numfashi. Wata nas tana zagayowa tana sake duba na kan bencin ɗaya bayan ɗaya, ta duba Mama ta ce mu ci gaba da jira.

Ƙanena ya kasa zama. "Yaya, mijinki yana ciki fa. Magana ɗaya za ki yi. In ba yau ba, yaushe za mu mori likita a gida?"

Abin da zuciyata ke faɗa mini ke nan tun da na iso.

Sai ga shi sun fito da gado mai taya, za su ɗakin tiyata ta gabanmu. Wani mutum ne a kai, da ganinsa lebura ne, ƙafafunsa duk yashi, leɓensa ya yi fari, jan ƙyalle a hannu, ba ya ko motsi. Mijina yana gefe, ya danne masa ciki da hannu biyu, yana tafiya yana ba da umarni. Mijin nan nawa, tun ranar da ya fara zuwa gidanmu bai taɓa tsayawa a gaban Mama da takalmi ba, kullum sai ya tuɓe su ya tsuguna. Idonsa ya faɗa a nawa, ya sauka kan hannun Mama, ya sauka kan ƙyallen. Na san in na ce "Baban yara" zai juyo. Bakina har ya buɗe. Na damƙe bakin bencin, na ce Ubangiji ka riƙe mini harshe. Gadon ya wuce.

Ƙanena ya zabura zai bi su, na cafko rigarsa. "Zauna," na ce masa, da muryar da ban san ina da ita ba.

Mama ta ce, "Likita ne ya wuce?"

"Shi ne, Mama."

"Bai gan ni ba ne?"

Ƙarya ɗaya ƙarama da ta wadatar, kuma ta zo mini har bakin leɓe. Na ce, "Ya gan ki."

Na yi mata bayanin launukan, na gaya mata ni na ɗinka wanda ke hannunta. Ta dube shi ta ce ai ta gane, ni kaɗai ce zan sa farin zare a koren yadi. Daga nan ta juya fuskarta ga bango ba ta sake cewa komai ba. Wannan shirun ya fi mini nishin ciwo. Na zauna ina kore mata ƙuda, ina tunanin ko na ɓata tsakanin uwata da mijina har abada.

Sai da rana ta yi sanyi aka zo kan korayen. Siririyar likitar nan ce ta kai Mama hoto, ta gyara ƙashin, ta ɗaure hannun da filasta. Muna fitowa sai ga mijina, rigarsa duk ta ɓaci. A nan cikin mutane, a kan jiƙaƙƙen siminti, ya zare takalmansa ya tsuguna.

"Mama, sannu. Ya jikin?"

Ta bar shi a tsugune har na fara jin kunyar idon jama'a. Sannan ta ce, "Wanda ka wuce da shi fa?"

"Yana da rai, Mama. Saifarsa ce ta fashe, mun cire."

"Ɗan waye?"

"Ban sani ba. Ba wanda ya zo nemansa tukuna."

Ta dubi ƙeyarsa. "To tashi, ƙasan da sanyi. Ke kuma in kin dafa abin dare ki zuba da shi, tunda ba shi da kowa."

Mijina ya ce mutumin ba zai iya cin komai ba tukuna. Ta ce to a ajiye masa zuwa ranar da zai iya.

Ƙanena ya yi watanni yana gaishe mu sama-sama, har yau in maganar ta taso sai ya ce mu mun san abin da muka sani. Ban matsa masa ba.

Da atisaye na gaba ya zo, ina cikin dama zoɓo sai ga Mama da Maman 'Yan Biyu sun shigo, hannun Mama rataye a wuya da ɗankwali. Na ce ta zauna ta huta, ta ce ba hutu ta zo yi ba. Ta dubi mijina ta ce ta ji an kawo sababbin likitoci da ba su taɓa gwadawa ba.

"Ka ba ni na masu ihun," in ji ta. "Kuma ka gaya musu ni surukarka ce."