Lamba ta Ƙarshe a Bangon Barewa

Ba don sauri aka sa masa suna Barewa ba. Maƙwabtansa na layin masu kayan gini ne suka laƙaba masa, ranar da suka fara ganinsa da gajeren wando yana haki a bakin titi, tumbi na gaba shi yana biye. Mai yankan gilashi ne. Ya haura arba'in kafin ya fara gudu. Wata rana ce ya hau bene da gilashin taga a kafaɗa, numfashi ya ƙi masa, sai da ya zauna a matakala ya rungume gilashin kamar jariri. Likita ya ce ya rage gishiri, ya riƙa motsa jiki. Gishirin bai ragu ba, amma motsa jikin ya zarce inda likita ya nufa. Cikin 'yan shekaru, duk garin da aka shirya gudun famfalaki na kilomita arba'in da biyu, sai ya rufe shago ya hau mota. Bai taɓa cin ko tsinke ba. Abin da yake dawowa da shi lambar ƙarfe ce mai igiya, wadda ake rataya wa duk wanda ya kai ƙarshe, ko da shi ne na kashin baya.

A wurinsa babban ɗanmu ya koyi gudu. Madubi ya je saya, ya ga lambobin a bango, ya yi tambaya, shi ke nan. Kawu yake ce masa. A tafiyarsu ta uku aka kira ni a waya daga wani asibiti. Zuciya ce, in ji likitan. Abin ya same shi saura kilomita bakwai, ya cika a motar asibiti kafin a isa. Ni na je na ɗauko shi. Ni kuma na karɓi ledar da suka ɗaure kayansa a ciki: takalma, riga, safa, da wani mayafin mata shuɗi mai ɗigon fari da ba mu san na wace ce ba. Mahaifiyarsa ta wanke, ta ninke, ta ajiye.

Tambayarta ɗaya ce tun daga ranar. "Da wani a wurinsa, ko shi kaɗai ne a bakin hanya?"

Barewa ya zo gaisuwa, ya durƙusa, ya ce, "Ina tare da shi, Malam." Na kai mata wannan. Ta dube ni ta ce, "Kai ka yarda?" Rayuwata duk a koyar da kimiyya na yi ta, ina hana ɗalibai rubuta abin da ba su gani da idonsu ba. Ta san ni.

Bayan wasu watanni na je shagonsa a yanka mini gilashin hoton yaron. Shago ne mai tsawo, marar faɗi. Gilasai jingine a bango, an raba tsakaninsu da kwali. Teburi babba da aka shimfiɗa wa tsohon bargo. Ɓaraguzai na ƙas-ƙas a ƙarƙashin takalmi komai yawan shara. Ya aza ma'auni, ya ja abin yanka sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa ta ƙasa, gilashin ya rabu tsaf.

"Ba a maimaita layi, Malam," ya ce. "In ka ja sau biyu, sai ya tsage inda ya ga dama."

Yana goge gefen, ni kuma ina kallon bango. Lambobin na rataye a kan ƙusoshi, jere yadda ya samo su. Ta ƙarshe na ɗauke da sunan garin da na ɗauko ɗana, da ranar. Na karanta sau biyu, na cire tabarau na goge, na sake karantawa.

Shi da bakinsa ya taɓa gaya mini ba a ba da lamba sai ga wanda ya taka layin ƙarshe. Wanda ke tare da marar lafiya a bakin hanya, ta yaya ya taka layi? Na karɓi hoton na fito.

Daga nan na zama mai yawan buƙatar gilashi. Na sa an yanka wa teburin karatu, na sauya tagar kicin da ba abin da ya same ta. Mahaifiyarsa ta ce, "Gidan nan sai ka mayar da shi kwalba?" Ina zuwa in zauna a benci, in saurara, in lura. Maganar nan ta ranar gaisuwa, sau ɗaya ya ja ta, bai sake bi ta kanta ba. In na ambaci yaron, sai ya ce Allah ya jiƙansa, ya sunkuya kan ma'auni.

Abu biyu na gano. Na farko, ya daina ɗaura agogo. Da can yana da wani baƙi mai faɗi, irin na masu gudu, ko wanka zai shiga da shi yake shiga. Na biyu, bai fasa tafiye-tafiye ba, amma ba a ƙara ko ƙusa ɗaya a bangon ba. Ba ni kaɗai na lura ba. Mai fenti na kusa da shi, mutum mai bakin tsiya, ya leƙo wata rana ina nan.

"A'a, Barewa an dawo! Ina tsarabar?"

"Tsarabar me?"

"Ƙarfen mana. Da kana dawowa kana ƙara kamar akuya mai ƙararrawa. Yanzu daga kumburin ƙafa sai hannu rabbana. Malam, don Allah tambaye shi, anya gudun yake zuwa kuwa? Ni dai na ce wa uwar 'ya'yansa ta riƙa laluba aljihu."

"Kai da ɓarawo ya ɗauke maka galan a gabanka, ka bi shi da addu'a," in ji Barewa. "Je ka kula da shagonka."

Suka yi dariya. Ni ban yi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ke rufe shago, ya kwana a hanya, ya dawo ba abin nunawa, ko dai ba ya zuwa inda ya ce, ko akwai abin da yake guje wa. Da shekara ta zagayo, na ji yana shirin komawa wancan garin, sai na ce zan bi shi. Hannunsa ya tsaya a kan gilashi.

"Tafiya ce mai wahala, Malam."

"Na taɓa yin ta."

Ya ci gaba da yankansa.

A mota ya bar mini gefen taga. Duk inda aka tsaya sai ya sauka ya miƙe ƙafa, ya sha ruwa daga gorarsa, ba ya taɓa abincin hanya sai burodi da ayaba. Masaukin da muka sauka cike yake da irinsa: malamai, direbobi, wani mai ɗinki da ya zo da surukinsa, kowa na ba da labarin gwiwarsa kamar labarin ɗa. Sun san shi. Na kasa kunne ko wani zai ambaci bara, amma da sun ji ko ni wane ne, sai murya ta sauka, a koma maganar takalmi. Wannan ma na sa shi a lissafi.

Da asuba na ga shirinsa. Ya yanke farce, ya shafa mai a tsakanin yatsu da hammata, ya maƙala takardar lambarsa a ƙirji da fil. Sannan ya ɗaura wata ƙaramar jaka a ƙugu, ya cusa sukari, gishiri, bandeji da tsumma. Na ce, "Duk wannan nauyin ba ya rage maka sauri?"

"Yana ragewa," ya ce.

Ban je wurin tashi ba. Na tsayar da mai babur ya kai ni teburin ruwa na kilomita talatin da biyar, inda aka ce mini abin ya faru. Titi ne mai faɗi da ba inuwa, sai katangar wata ma'ajiyar kaya. 'Yan sa-kai na jera kofunan takarda. Na tsaya jikin katangar. Na farko suka wuce kamar ba sa taka ƙasa. Sai taro, ƙafafu kamar ruwan sama a kan kwano. Sai ɗai-ɗai, masu ɗingishi, masu magana da kansu. Rana ta ɗaga, kofuna sun rufe titi, ban ga Barewa ba. Na ce a raina, biri ya yi kama da mutum.

Can sai ga shi, kusan a ƙarshen kowa. Ba shi kaɗai ba ne. Yana gefen wani magidanci mai riga ruwan ɗorawa, wanda ƙafafunsa ke harɗewa. A daidai teburin mutumin ya sulale. Barewa ya tare shi, ya kwantar da shi a gefen titi, ya ɗora ƙafafunsa a kan gwiwarsa, ya jiƙa tsumma ya aza masa a wuya, ya ɗaga murya a kira mota.

"Baba, ka tafi," in ji mutumin. "Ba komai, tsoka ce ta riƙe. Ka je ka ƙarasa."

"Haka ake cewa," in ji Barewa. Bai motsa ba.

Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zuwa mini shi ne don ni ake yi. Ya san zan zo nan. Amma da motar asibiti ta tsaya, ma'aikacin da ya diro ya dube shi ya riƙe ƙugu.

"Kai ne kuma? Wancan tseren ma kai ka tsayar da mu har sau biyu. Wai kai ba ka da layin ƙarshe ne, Baba?"

Suka ɗauki mutumin. Motar da ke bin bayan na ƙarshe ta iso, aka fara kwashe tebura. Barewa ya cire takardar ƙirjinsa, ya ninke, ya zo ya zauna a bakin kwalbati kusa da ni. Gishiri ya yi fari a fuskarsa.

"Lambar da ke ƙarshen jeri a bangonka," na ce.

Ya dubi takalminsa.

"Na san ka gan ta tun ranar hoto. Kullum ka shigo sai in ce yau ne za ka tambaya." Ya nuna da haɓa. "Can ɗanka ya zauna, gaban waccan ƙofar. Ya ce, Kawu ka tafi, tsoka ce, zan same ka a can. Sai na duba agogo, Malam. Ban taɓa yin gudu mai kyau kamar na ranar ba. Na duba agogo, na dube shi, na tafi."

"Ka ce mana kana tare da shi."

"Na faɗa. Ganin idonka ne ya sa."

"To shi kaɗai ka bari."

"A'a. Akwai wata mata cikin masu raba ruwa, babba ce, ta yi jika. Ita ta taso. Na waiwaya sau ɗaya, na ga ta kwantar da shi, ta cire mayafinta ta naɗe ta tokara masa kai. Da na karɓi ƙarfen na dawo, aka ce ita ta riƙe hannunsa, har cikin motar ta bi shi. Yau na duba fuskokinsu, ba ta ciki."

Wanda ya yi maka ƙarya sau ɗaya, matar da ba a gani ba aba ce mai sauƙin ƙirƙira a wurinsa. Na yi tunanin ledar. A ɗaure na karɓe ta, a ɗaure na kai gida, ba a buɗe ta ba sai a ɗakin mahaifiyarsa.

"Wane launi ne mayafin?"

Ya ɗago ya dube ni kamar bai gane amfanin tambayar ba. "Shuɗi. Da ɗigo-ɗigon fari, ina jin."

Na tashi na je gaban ƙofar na tsaya. Siminti ne kawai, da kofuna. Da na dawo na ce masa me ya hana shi jefar da lambar.

"Tawa ce, Malam," ya ce. "Ni na zaɓe ta."

Ban ce na yafe ba, shi ma bai roƙa ba. A mota ya sake bar mini gefen taga.

Na tarar da mahaifiyar yaron a tsakar gida tana kwashe shanya. Ban jira na zauna ba.

"Da wani a wurinsa. Wata mata ce mai raba ruwa. Ta riƙe hannunsa har cikin mota."

"Ka gan ta?"

"Ban gan ta ba. Amma kayanta na ɗakinki."

Ta ajiye kwandon, ta shiga, ta fito da mayafin a ninke. Ta riƙe shi da hannu biyu.

"Ni da nake zaton wata yarinya ce yake jin nauyin gaya mana," ta ce. Sai can ta ƙara, "Shi Barewan fa?"

"Ya tafi ya bar shi. Ya faɗa mini da bakinsa."

Ba ta yi kuka ba. Ta warware mayafin, ta duba gefensa inda zare ya fara zarewa, ta sake ninkewa.

"Sai a mayar wa baiwar Allah kayanta. Baɗi ka tafi da ni."

"Ba mu san sunanta ba. Ko fuskarta ba mu sani ba."

"Shi ya sani," ta ce. "Ka gaya masa ya kai mu."