Kan da Na Sumbata a Titin Ka'akiyya

Likita ne ya ɗora ni a kan keke ina da shekara hamsin da biyu. Ya duba takardar gwajin jinina, ya duba tumbina, ya ce ko dai in motsa jiki ko in shirya wa allurar suga safe da yamma. Ni kuwa tun ina ƙarami a unguwarmu Utaibiyya, nan cikin Makka, na tsani allura. Sai na sayi keke da hular kwano da wani matsattsen wando wanda matata ta ce kada in kuskura maƙwabta su gan ni da shi. Na riƙa ɗora jallabiya a kai, in na bar unguwa in tuɓe ta in cusa a jakar baya.

Makka ba garin keke ba ce. Hawa ne da gangara, ga duwatsu, ga rana. Amma duk wannan bai taɓa ɓata mini rai ba. Masu mota ne suka cika mini ciki. A wurinsu mai keke ko dai ɗan aike ne ko mahaukaci, kuma duka biyun ba su cancanci a taka musu birki ba. Wani zai lallaɓo ta bayanka shiru, sai ya zo daf da kai ya danna hon, don kawai ya ga ka firgita. Wani ya sauke gilashi ya ce, “Ya hajji, Allah ya hore maka mota!” Akwai wanda ya jefo mini kofin takarda da sauran shayi a ciki, madarar ta bi ta wuyana ta shige riga, na yi ta ɗanko har gida. Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne, a irin lokacin da nake fita, yawancinsu daga sallar asuba suke, kamar ni. Ni ma ina da mota, kuma ba zan yi ƙarya ba, kafin in hau keke ban san ana ganin masu keke a titi ba.

Wata uku ina fita ni kaɗai, sannan na ja abokina. Tela ne a unguwar Ka'akiyya, shi ke ɗinka mini kaya shekara ashirin. Ya girme ni da shekara huɗu. Mahaifinsa ya taho da shi daga ƙasar Hausa ta Cadi da Sudan yana ɗan shekara shida, kuma tun daga nan bai sake fita ba. Ni kakana ne ya zo daga Kano, mahaifina ya samu takardar ƙasa, aka haife ni da ita. Saboda haka abokin nawa ba ya kirana da sunana, sai “ɗan ƙasa”, yana faɗa yana dariya. Ni kuma in ce masa Malam.

Zaman keken ɗinki ya cinye masa baya da gwiwa. Na dame shi har ya sayi wani tsohon keke baƙi mai ƙarar sarƙa. Ya ƙi wando irin nawa, ya ce shi yana da 'ya'ya mata huɗu, ba zai yi wannan abin kunya ba. Da kaftani yake hawa, ya tattare shi a ƙugu, da takalmi silifa. Amma ya fi ni son abin nesa ba kusa ba. In muka kama gangara sai ya saki feda ya buɗe ƙafafu yana ihu, dattijo da furfura. Ya taɓa ce mini shekara arba'in ta ƙofar shago kawai yake ganin garin nan, bai san yana da faɗi haka ba.

A shekarar da nake ba da labari, kafilinsa ya rasu, wato mutumin da iƙamar Malam, takardar izinin zamansa a ƙasar, take ƙarƙashin sunansa. Magada suka shiga rigimar gado, ba wanda ya saurari tela, har iƙamar ta ƙare ba a sabunta ba. Shi da kansa ya gaya mini a shago, ya rage murya duk da ba kowa sai mu biyu. Ya ce har a gyara, yana guje wa duk inda za a ce ya nuna kati. Matarsa da 'ya'yansa duk a jikin takardarsa suke. In aka ce ya bar ƙasa, za a mayar da shi inda bai san ƙofar gida ko ɗaya ba. Ya ce zai ajiye keken tukuna. Ni ne na hana shi. Na ce, “Haba Malam, safiyar Juma'a wa ke kan titi? Wa ya taɓa tambayar mai keke takarda?”

Safiyar Juma'a ce kuwa, lokacin sanyi, rana ta ɗan ɗago. Mun bi babban titin da ya fita kudu daga Ka'akiyya. Layi uku ne, ba kowa a kai, ko kwanciya mutum ya yi a tsakiya ba abin da zai same shi. Muna can gefe, a kan farin layi, Malam a gaba ni a baya. Sai na ji hon. Wata farar jif ce. Na waiwaya na nuna wa direban da hannu cewa ga titi nan duka nasa ne. Ya sake dannawa. Ba inda za mu matsa sai cikin tsakuwa. Ya wuce ni har iskar motar ta kaɗa ni, sannan ya ƙara matsowa dama da gangan, ina gani. Madubin motar ya daki kafaɗar Malam. Keken ya yi gefe guda, shi ya yi gefe guda, ya sauka a kan hannunsa na dama.

Motar ta tsaya a gaba. Na ce to, aƙalla da sauran imani. Mutumin ya fito, ɗan kimanin shekara arba'in, da farar jallabiya mai guga. Bai ko kalli inda Malam yake kwance ba. Ya zagaya ya tsaya a kan madubinsa, yana shafa tsagar da ya yi da babban yatsa.

Ina da baki, kowa ya san ni da shi, kuma Larabcin Makka a bakina aka yaye ni. Ban bar masa komai ba. Na ce masa titi layi uku bai ishe shi ba sai ya haɗa da kafaɗar dattijo. Na ce ko akuya ya buge ai ya kamata ya duba ta kafin madubi. Na zaro waya na ce yanzu zan kira murur, 'yan sandan hanya, su zo su auna inda tayarsa ta bi.

Da ya ji harshena, sai jikinsa ya yi sanyi. Ya ɗauka baƙi ne biyu da ba su iya ko gaisuwa ba. Ya fara ɗaga hannu yana cewa, “Ya shaikh, yi salati ga Annabi. Abu ne mai sauƙi, ba sai an kira kowa ba.” Wallahi na ji daɗi a lokacin. Wata da watanni ina haɗiyar hon da kofin shayi, yau ga ɗaya a hannuna.

Sai na ji an riƙe mini ƙafa. Malam ne, ya jawo jiki a kan kwalta. Da Hausa ya yi magana, a hankali.

“Ɗan ƙasa, don girman Allah mayar da wayar nan.”

“Malam, jini fa kake zubarwa.”

“Ka manta takardata?”

Na manta. Ni da aka gaya wa a asirce, ni da na fito da shi, na manta sarai, saboda ni a rayuwata kiran hukuma bai taɓa zama abin tsoro ba. Hannuna ya sauka da kansa.

Mutumin ba ya jin Hausa, amma ba ya buƙata. Ya dubi wayar da ta sauka, ya dubi Malam, ya dubi tsohon keken da silifar da ta yi tsalle can. Na ga lokacin da ya gane. Kafaɗunsa suka miƙe. Ya sa hannu a aljihu ya fito da tasa wayar.

“A'a, a'a, kira mana,” ya ce. “In ba za ka kira ba, ni zan kira. Kun fasa mini madubi.” Ya juya ga Malam. “Kai, ina katinka?”

Shi ba ɗan sanda ba, ba kowan kowa ba, mutum ne da ya fito sayen karin kumallo. Amma Malam ya miƙe tsaye da ƙyar, ya ɓoye hannun da ya ji ciwo a bayansa kamar shi ne ya yi sata, ya ƙaƙaro murmushi. “Ma'alesh, ya ammi,” ya ce. Wato yi haƙuri, baffana. Mutumin da ya girme shi da shekara goma sha biyar ne ke ce masa baffa. Ya ce laifinsa ne, shi ne bai iya keke ba, tsufa ne.

“Kai kana da ladabi,” in ji mutumin. “Wannan ne mai dogon harshe.” Ya nuna ni da wayar.

Na ce masa ya yi haƙuri, raina ne ya ɓaci. Ya ce bai ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi, na ce haƙƙinsa yana kaina, laifina ne. Ya tsaya yana kallona, yatsansa a kan wayar, yana ɗan jujjuya ta. Ba ya sauri. Daɗin abin yake ji, kamar yadda na ji ɗazu.

Malam ya matso kusa da kunnena. “Sumbaci kansa,” ya ce. “Don 'ya'yana.”

A nan garin, kan mahaifi ake sumbata, da na mahaifiya, da na babban malami, ko na wanda ka yi wa laifin da baki ba zai iya gyarawa ba. Ni tun da iyayena suka rasu ban sumbaci kan kowa ba. Na cire hular kwano na ajiye a ƙasa. Na taka zuwa gabansa. Abin da ba zan manta ba shi ne, kafin in isa ya riga ya ɗan sunkuyo da kan, ya shirya. Gashin yana da maiƙo, yana warin man gashi da taba da zufa. Na ɗora leɓena a kai.

Sai ya huce. Ya yi mana wa'azi kaɗan, cewa titi na mota ne, kuma mutum mai shekaru ya kamata ya san girman kansa. Ya ce albarkacin Juma'a ya yafe madubin. Ya buɗe motar, ya ɗauko tamis guda, burodin nan mai faɗi, da sauran zafinsa, ya miƙo mana. Malam ya karɓa da hannun hagu, ya yi godiya. Da zai tashi har ya ɗan taɓa mana hon na sallama.

Na tofar da yawu ya fi sau goma. Na ɗauko gorar ruwana na yi ta kurkure baki ina goge leɓe da bayan hannu, maiƙon ya ƙi fita. Sai da ruwan ya ƙare tas na tuna Malam yana tsaye da gwiwar hannu a saɓule, tsakuwa a cikin ciwon, ba abin wankewa. Ya rataya ledar tamis a kan kekensa, muka turo su da ƙafa har Ka'akiyya. Na kama lambar motar tun tana tsaye, na yi ta maimaita ta a zuciya duk tsawon hanyar.

Wuyan hannun ya tsage. Ya ƙi zuwa asibiti, don can ma za a ce kati. Wurin wani tsoho mai ɗori a unguwar Jarwal na kai shi, aka ja hannun yana cije da gefen rawani. Sati bakwai bai taɓa almakashi ba, kuma har yau in ya daɗe yana yanka sai ya tsaya ya yarfe hannun. Keken hawan kuwa, ya ba wani maƙwabcinsa. Ni na ci gaba da fita, don suga ba ta san an yi ba, amma ban ƙara bin wannan titin ba.

Bayan wata biyar magadan suka sasanta, aka mayar da shi ƙarƙashin babban ɗan marigayin, iƙama ta fito. Ya kira ni gida shan shayi. Ya ajiye katin a kan tire kusa da kofuna, yana ta kallonsa. Daga ɗaki ina jin 'yan matan suna musu a kan wadda za ta wanke tukunya.

Na ce, “To Malam, yanzu ba abin tsoro. Lambar motar nan tana kaina. Ga mai ɗori shaida, ga ni shaida. Gobe mu je mu kai ƙara.”

Ya ajiye kofinsa. “Ƙarar wa?”

“Wanda ya karya maka hannu mana.”

“A'a, ɗan ƙasa, kada ka zama butulu,” ya ce. “Wayar tana hannunsa fa. Dannawa ɗaya zai yi, da yanzu yaran nan ba sa cikin ɗakin can. Bai danna ba. Mutumin nan ya rufa mana asiri. Ni tun ranar ban yi sallar da ban sa shi a addu'a ba.”

Na dube shi da kyau ko zolaya yake yi. Da gaske yake. Ya ɗauki buta ya ƙara mini shayi, yana tallafe wuyan hannun da ɗaya hannun don kada ya zube.

“Kai ma ka riƙa yi masa,” ya ce.