Wadda Ta Tsira

Kakata ba ta cewa tatsuniya, gatana take cewa, kamar sauran tsofaffin Aliero. Inna muke kiranta. Duk babban hutu Baba yakan kawo ni daga Jega, ya durƙusa ya gaishe ta, ya juya ko ruwa bai sha ba. Shi ne ɗanta na fari, don haka dama ba ta faɗar sunansa. Amma tun da ya zama Kirista a wurin karatun aikin jinya, sauran gidan ma suka daina faɗa. Ni kaɗai na rage ina shige da fice tsakaninsu, kuma ko a lokacin na san ba kowa ke son hakan ba.

Hutun yakan faɗo cikin damina. Idan an ci tuwo, Inna ba ta kashe wutar murhu. Sai ta jera masara a gefen garwashi, mu jikoki mu kewaye ta a rumfar girki, warin albasa yana tasowa daga rumbun Baffa Garba, ƙanen Baba. "Saratu, ɗiyar Jega, matso nan," in ji ta, "kada hayaƙi shi ɓata muna idon karatu." A jikinta nake zama, sauran suna hararata, ni kuwa ina ƙara baje ƙafa.

A hutuna na ƙarshe na koya wa yaran gidan wata waƙar coci muna wasan gaɗa. Ban ɗauke ta komai ba. Baffa ya ji, ya aika Jega a zo a ɗauke ni, ba wanda ya gaya mini. Da yammar nan Inna ta daɗe tana juya masara kafin ta buɗe baki. "To, ga ta nan," ta ce. Muka ce ta zo mu ji.

Wai wata tsohuwa ce da rumbun albasa. Albasun duk 'yan uwa ne, gona ɗaya, suna kwance jikin juna cikin duhu. Akwai wata 'yar huda a jinka inda haske ke shigowa, sai ɗaya daga cikinsu ta dinga leƙensa. Aka hana ta, ba ta ji ba. Kwana kaɗan ta fitar da koren ganye a ka. Da tsohuwa ta zo juya albasa ta gan ta, ta ɗauke ta a tafin hannu, ta daɗe tana kallonta tana hawaye. "Mutane sunka ce yajin albasa na," in ji Inna, "ita kau ta san ba shi na ba. Tac ce, wagga ta tsira, ba ta zama cikin 'yan uwa. Tas sa ta kwando, tah hita da ita gida."

A nan Baffa ya yi gyaran murya daga zaure. Inna ta katse gatanar, ta ce mu tashi hakanan. Ba ta ce ƙurunƙus ba, amma ban lura ba sai bayan shekaru. Da safe Baba ya zo. Ban sake taka Aliero ba har Inna ta rasu.

Na gane labarin sarai, a ganina. Na sha ganin ana tsince albasar da ta yi tsiro ana fita da ita. Wato Inna ta kore ni ne cikin dabara, a gaban kowa, ina jingine da cinyarta. Abin ya yi mini ciwo fiye da hararar Baffa, kuma da wannan ciwon na girma.

Shi ne na kwashe kusan shekara ashirin ina rubutawa a littafi, ina koyarwa a wata firamare a Maiyama. Gara ta cinye rubutun farko a akwati. Na biyu na ajiye shi shekarar da maigidana ya kwanta jinyar da bai tashi ba. Da na gama na uku, masu buga littattafan coci suka ce gidan Musulmi ya yi yawa a ciki, waɗansu kuma suka ce wa zai sayi kukan wata Kirista. Akwai lokacin da addu'a ma ta gagare ni, in durƙusa in rasa abin faɗi. Abu ɗaya na riƙe ina roƙo, Ubangiji ya ba ni zuciyar yafe wa Inna.

Wanda ya karɓi littafin a ƙarshe sunan da na sa masa, Wadda Ta Tsira, shi ne ya burge shi. Ya karanta shi da jan murya, tsira ta kuɓuta, ya ce ai wannan shaida ce. Ni tsira ta tsiro nake nufi, amma a takarda duka ɗaya ne, kuma na gaji da yawo. Na bar shi a haka.

Da littafin ya fito, na yi ƙarfin hali na kai wa Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, ita kaɗai ta rage a gidan. Ba ta karatun boko, ni na karanta mata babin gatanar. Na iso inda na rubuta cewa a daren nan kakata ta yar da ni, sai ta dafa hannuna.

"Saratu, wa yac ce miki yasshe ta akan yi?"

Na ce ai na ga ana fita da ita.

"Ana hita da ita mana. Wadda tat tsira ba ta kasuwa ba ta. Aje ta akan yi daban, in ruwa ya ɗauke a kai ta fadama a dasa, ta yi hure. Ita ka ba da iri. Gatanar ai da saura, mu mun ji ta har ƙarshe muna yara. Tsohuwar kullum sai ta tai ta ba ta ruwa." Ta goge ido da bakin mayafi. "Inna ba ta ƙara yin ta ba bayanki. In yara sun tambaya sai ta ce sai mai ita ta dawo."

Ni ɗiyar ma'aikacin asibiti ce, ban taɓa bin kwandon nan na ga inda ake kai shi ba. Kuskuren ke nan, kuma a kansa na gina littafi guda, aka buga, aka ɗaure. Shekarun da na yi ina neman ƙarfin yafe mata, ashe ni ce ke bukatar yafiya, ga shi mai ba ni tana ƙasa.

Littattafan da suka rage suna nan a kwali a ɗakina. Duk wanda zan bayar, sai na zauna da biro na rubuta sauran gatanar a farin shafin ƙarshe, yadda Gwaggo ta ba ni. Waɗanda suka riga suka fita kuwa, ban san hannun da suke ba. A can har yanzu Inna tana tsaye da kwando, tana yar da ni.