Na fitar da su daga gasa, na bar kafaɗata a fili

A lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne mai ji da ƙarfi, haifaffen unguwar Bani Malik a nan Jidda, ina aikin haɗa na'urar sanyaya ɗaki a wani kamfani. A wurin aikin ne abokaina 'yan Filifin suka koya mini bezbol, wasan da mutum ɗaya ke jefa ƙwallo, wani kuma ya tsaya da sanda yana ƙoƙarin make ta. Duk wasan a hannun mai jifa yake, in ya gaji ƙungiya ta gaji. Allah ya ba ni hannu, kuma ban ɓoye wa kowa cewa na sani ba. Ni da ɗan baffana muka kafa ƙungiyarmu ta 'yan unguwa, shi ne shugaba, ni ne mai jifa, muka shiga gasar ma'aikata da ake yi ranakun Juma'a idan zafi ya sauka.

A shekarar da nake ba ku labari mun kai tsakiyar gasa muna na biyu, kowa ya fara jin ƙamshin kofi. Sai mai jifanmu na biyu ya koma ƙasarsu, don kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya ƙi sabunta masa iƙama, takardar izinin zama. Nauyi ya dawo kaina ni kaɗai, kafaɗata ta fara tsami tun kafin a kai ƙarshen wasa. Da bakina na ce wa ɗan baffana ya nemo mana wani mai jifa kafin a rufe musaya, domin a tsarin gasar akwai ɗan lokaci a tsakiya da ƙungiya za ta iya ba da ɗan wasa ta karɓi wani. Ya ce in kwantar da hankalina, ya san inda zai samo.

Ashe ya sani ɗin. Ƙungiyar da ke can ƙasan teburi tana da wani dogon mai jifa ɗan Benezuwela wanda kowa ke tsoro. Suka ce za su ba da shi, amma ba za su zauna babu mai jifa ba, sai an ba su wani a madadinsa, shi kuwa ya ba su ni. Ban ji wannan a bakin kowa ba. Na zo fili ranar Juma'a da jakata, na tarar da baƙon yana ɗumama hannu da mai cafe mini ƙwallo, sauran yaran kowa ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmi. Ɗan baffana ya ja ni gefe ya ce halas an gama magana, hannuna ya gaji, ƙungiya ce gaba da kowa, in yi haƙuri badi zai dawo da ni. Na ɗauki jakata, amma wallahi a zuciyata na rantse ba zai taɓa kofin nan ba ina raye.

Daga ranar na daina zuwa cin abinci gidan baffa a unguwar Ruwais. Mahaifiyata ta yi faɗa, ta ce ba ta taɓa ganin ƙattai biyu sun ɓata zumunci a kan ƙwallon da bai kai lemo girma ba. Na ce mata to, amma ban fasa ba. Sabuwar ƙungiyata ba ta neman komai a gasar, yawancinsu magidanta ne da ke zuwa motsa jiki. Ni kuwa wasa ɗaya nake jira.

Allah da ikonsa, a makon ƙarshe aka haɗa mu da tsohuwar ƙungiyata, wasa biyu a rana ɗaya saboda wani da aka ɗage. Ɗaya kawai suke bukatar ci su kai wasan ƙarshe. Na jefa na farko daga fari har ƙarshe, muka cinye su. Ba wata gwaninta ba ce, na san su kamar yadda na san lungunan unguwarmu, na san wanda ke tsoron ƙwallo mai zuwa kusa da jiki da wanda ba ya iya haƙuri. Duk wanda ya san wasan nan ya san mai jifa ba ya yin wasa biyu a jere, sai ya huta kwanaki. Shugaban sabuwar ƙungiyata, wani dattijo Bahaushen Sudan, ya ce in zauna, zai sa wani ya jefa na biyu ko da za a ci mu. Ya ce ya ga yadda nake riƙe kafaɗa. Na roƙe shi, na yi masa rantsuwa cewa lafiyata ƙalau, na haɗiyi maganin ciwo, na shafa man zafi, na koma.

Tun tsakiyar wasa na biyu nake jin kamar ana soka mini allura, amma muna gaba da ci ɗaya. Mutum na ƙarshe da ya ɗauki sanda ɗan baffana ne. Na san ƙwallon da ke saukowa ƙasa ta karkata waje ita ce ajalinsa, ita na yi ta ba shi. A jifa na ƙarshe ya kai duka ya sami iska, ni kuma na ji wani abu ya yage a kafaɗata. Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗin da na ji ganin ya jefar da sanda ya zauna a ƙasa ya fi ciwon, kuma har yau in na tuna fuskarsa sai na yi murmushi.

Sai dai shi washegari ya tafi aikinsa, ni na tafi asibiti. An yi mini aiki, hannun bai koma daidai ba. Ba na iya ɗaga shi sama da kafaɗa, don haka aikin hawa tsani ya ƙare, yanzu sito nake tsaro. Ɗan baffana ya zo duba ni na juya masa baya. Da shekara ta zagayo suka ɗauki kofin da ɗan Benezuwelan nasu.

Abin da na koya shi ne, wanda ya wulaƙanta ka yana iya cancantar ramuwa, amma ka fara duba da me za ka biya ta. Matasa masu wasa, in an musanya ku kun ji zafi, ku rama, ban hana ku ba, amma ku rama a ranar da jikinku ya huta. Bara na samu yin aikin Hajji. Da aka zo jifan Shaiɗan, ni da a da ake tsoron hannuna, da hagu na yi ta lallaɓa tsakuwa, wata tsohuwa a gefena tana ce mini in matsa kusa don jifana ba ya kaiwa.