Ranar da wayoyin Dakko suka yi gum

Mahaifina manomin shinkafa ne a Dakko, can ƙasar Bakura, kuma ba mai yawan magana ba ne. Amma wata rana ya miƙe a taron manoman rani ya ce kowa ya daina wahalar zuwa bakin magudana duba ko an sako ruwa. Ɗiyarsa da ke aikin kwamfuta a Talata Mafara za ta sa waya ta riƙa gaya musu. Bai ko tambaye ni ba kafin ya ɗora mini wannan kaya.

Ba ni na fara manhajar ba. Wani abokin aikina ne, ya samu aiki a birni ya bar mini ita, yana ta rantsuwa ta kammalu. Tsarinta mai sauƙi ne. Mai kula da ƙofar ruwa a wajen Maradun yana danna waya in ya buɗe ko ya rufe. Daga nan saƙonni su riƙa kwararowa wayar manomi: ruwa ya taso, ya wuce gari kaza, ya kusa. Akwai kuma wani ɓangare da muke kira mai tsayarwa. Da zarar ya yi magana, waya ta daina sauraro, don kada ta cinye wa mutane data da caji bayan an rufe ƙofa.

Ranar gwaji aka buɗe ruwa, wayoyi suka yi gum. Waɗanda suka yarda da Baba suka zauna gida suna jira har layinsu na ban ruwa ya wuce, gonakinsu ba su sha ba. Baba ya kira ni. Sai da muka gaisa tsaf, har lafiyar maƙwabtana ya tambaya, sannan ya ce, “Ɗiyata, abin naki bai yi magana ba hwa. Mutane na kallona.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fara zagin sabis, alhali ba ruwansa. Da na bi diddigi, sai na ga saƙonni na fitowa daga Maradun lafiya ƙalau, wayar ce ke katse sauraro tun kafin na farko ya iso. Na koma kan mai tsayarwa. Ashe irin wanda ke riƙe da amsa a baki ne tun farko. Duk wanda ya haɗu da shi, nan take zai faɗa masa abin da aka ajiye masa, ko da babu abin da ya canza. An ajiye masa “a rufe”. Manomi na buɗe manhaja sai ya furta, ita kuma umarninta shi ne ta tsaya da jin bakinsa.

Dariya ta kama ni a ofis. Ai mu nan kowa ya san amsar farko ba labari ba ce. Ka tambayi mai zazzaɓi yadda ya kwana, lafiya lau zai ce maka, sai ka zauna tukuna kake jin ciwon. Manhajar nan gaisuwa ta ji ta kama hanya.

Na sa ta tsallake amsar farko. Da na gwada, na ga bai isa ba, don “an buɗe” ma magana ce, ita ma katse ta take yi. Sai na ƙara sharaɗi: kada ta tsaya sai in rufewa aka faɗa. Gyaran bai wuce layi biyu ba, amma na yi ta buɗewa da rufewa na ƙarya har yatsata ta gaji, don ba zan sake bari a kalli Baba ba.

Da layin Dakko ya zagayo, na je gida. Ina tsakar gida da innata muka ji wayar Baba ta yi ƙara a zaure, sai ta maƙwabci, sai ƙarar babura suna fita. Na yi ayyukan da suka fi wannan girma, amma babu wanda nake alfahari da shi kamarsa.

Da la’asar ya shigo, ƙafafunsa duk laka. Bai dube ni ba, innata ya duba.

“Yau ba wanda yat taka banza, kowa ya ba gonatai ruwa,” in ji shi. “Dama mata hura, ki sa nono da yawa.”