Yawun Direba

Goggo tela ce, kuma bakinta ya fi almakashinta kaifi. Yayar babanmu ce. A shagonta mai ƙofa ɗaya, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da takalma, ta tsufa tana ɗinka wa mata kaya tana haɗa musu da gaskiyar da ba su nema ba. In mai jiki ta ce a matse mata riga, sai Goggo ta dubi tef ɗin awo ta ce, "Baiwar Allah, ni ɗinki na koya, ba sihiri ba."

Tef ɗin nan ne ma ya tona ciwonta. Ta ga cikinta sai ƙaruwa yake, alhali abinci ba ya shiga. A asibiti aka ce ciwon daji ne a ƙwan mahaifa, irin wanda ya ɗauke kakarmu. Bayan an yi mata aiki, wata likita mai bincike a kan ƙwayoyin gado ta roƙi yawunta a 'yar kwalba. Sakamako ya nuna akwai wata ƙwayar gado da ta lalace a jikinta. Likitar ta ce duk wanda suka fito ciki ɗaya da Goggo yana iya ɗauke da ita, har maza, kuma namiji na iya miƙa wa 'ya'yansa mata bai sani ba.

Mu kuwa mata ne zalla a gidanmu, ni ce babba, kuma ba wadda ta kai shekarun gwaji. In aka gwada Baba ba a samu komai ba, duk mun tsira. In an samu, a sa mana ido tun da wuri.

Baba direban bas ne, mai taurin kai na bugawa a jarida. Ya ce, "Haba Yaya, ni ina na ga ƙwan mahaifa? Ciwon mata ne, ku ji da abinku." Daga nan ya yi kunnen uwar shegu da maganar.

Goggo ba ta yi gardama ba, abin da ya kamata ya ba shi tsoro ke nan. Washegari buroshinsa na goge haƙori ya ɓata. Ashe ita ta naɗe shi a ƙyalle ta kai ɗakin gwaji. Likitar ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Goggo, ba ma karɓar kayan sata. Sai mai yawun ya zo da ƙafarsa, ya ji bayani, ya yarda."

"Mutumin da ke tofar da yawu ta tagar mota kyauta tun safe har yamma, shi ne sai an roƙa?" in ji Goggo.

Sai ta sauya salo. Duk wandon da Baba ya kai mata gyara, ya dawo da aljihunsa a ɗinke ruf. Wata rana ta hau bas ɗinsa, ta zauna a bayansa, ta dinga ba fasinjoji labarin ƙaninta da ke rowar yawu. Har aka kai tasha ana dariya, shi kuwa ko gezau. Na ji haushinsa ƙwarai a lokacin, ban gane tsoro ne ya cika shi ba.

Ciwon ya dawo. Goggo ta rame har zobenta na zamewa. Wata la'asar ni da Baba muka je dubiya asibiti, ya tsaya daga bakin gado yana murza hularsa.

Ta ce, "Direba, ni tafiyata ta zo, ba don kaina nake binka ba. Dubi yarinyar nan."

Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya ce a kira likitar.

Ta zo ta yi masa bayani, ya yarda, ta miƙa masa kwalbar ta nuna layin da zai cika. Nan fa ake yinta. Mutumin da ya jiƙa rabin titunan gari, bakinsa ya bushe ƙamas. Ya yi, ya yi, ko ɗigo.

Goggo ta zura hannu ƙarƙashin matashi ta zaro lemon tsami. Allah kaɗai ya san tun yaushe take ajiye da shi. Ta sa na yanka mata, ta kafe Baba da ido, ta lasa a hankali tana yamutsa fuska. Kafin ta lasa na biyu, Baba ya wuce layi.

"Ka gani?" ta ce. "Dama na san kana da shi, rowa ce."

Ba ta ga sakamakon ba. Ya fito bayan mun binne ta, kuma Baba na ɗauke da ƙwayar. Ranar da na kai shekaru, shi da kansa ya kai ni gwaji a bas ɗinsa, ba fasinja ko ɗaya.

Saura ƙaninsu, Baffa, wanda shi ma ya ce ciwon mata ne. Jiya na ga Baba zai fita wajensa, sanye da wandon nan da har yau ya hana a farke masa aljihu. Da yake ba inda zai sa lemon tsamin da ya ɗauka, a hannu ya riƙe shi.