Dattijon da Ya Goge Takardar Digiri

Har yau wata budurwa ba ta manta ranar da ta shiga motar haya da takardunta a jaka ba. Ruwan sama ya kama su a hanya, rufin motar kuma yana yoyo daidai kan jakarta. Da direba ya tsaya canza taya a wata ƙaramar tasha, ta buɗe jakar ta tarar takardar digirinta ta jiƙe sharkaf, ta manne da sauran takardu. Ƙarfe biyu za ta shiga ganawar neman aiki, kuma an ce dole ta zo da takardun asali.

Ta tsuguna a bakin wata rumfa, ta sa farce za ta ɓamɓare su, sai ta ji an ce, "'Yata, cire hannunki. In kika ja, sunanki zai bi wancan shafin ya bar ki."

Mai guga ne, gajeren dattijo, yatsunsa duk tabon ƙuna. Shekara talatin yana aiki a rumfar nan. Teburinsa tsohuwar ƙofa ce, har da ramin makulli. Mariƙin dutsen gugarsa ya karye tuntuni, ya ɗaure shi da wayar birkin keke. Wutar lantarki kuwa, ya ce bai taɓa fushi don an ɗauke ta ba, tunda ba a taɓa kawo masa ba. Da wannan dutsen na gawayi ya rene 'ya'ya huɗu, babbar tana aikin jinya yanzu.

Ya ninka wani tsohon farin zanen gado, ya sa takardun a tsakiya. Ya juye rabin garwashin, ya jira, yana kai dutsen kusa da kuncinsa don jin zafinsa. Bai ja shi kamar yadda ake yi wa riga ba. Sai ya ɗora ya ɗaga, ya matsar da takardun wajen da zanen ya bushe, ya sake ɗorawa. Yana yi yana ba ta labarin inda ya koya: aljihunan mutane. Tun yana saurayi yake wanke takardun da aka manta a wando, kuma kafin mai kaya ya zo sai ya ceto su. Ya ceci katin asibiti, ya ceci hotuna, har da wasiƙar soyayyar wani direba, wanda tun daga ranar yake gaishe shi da hannu biyu.

Matarsa mai sayar da shayi a gefe ta ce kada a saurare shi, mutumin da ya goge rigar kowa a tashar amma tasa kamar an tauna.

"Rigata ba ta da ganawa da kowa," in ji shi.

Budurwar ta yi dariya. Nan direban motarsu ya fara danna hon, ya ce ba zai jira takarda ba. Matar dattijon ta leƙo, ta cika kofi da shayi mai tururi ta miƙa masa, irin zafin da ba a iya kurɓarsa da sauri.

Sai kusurwar takardar ta ɗago da kanta. Dattijon ya zaro tsinken tsintsiya ya zura tsakani, yana bi a hankali har shafukan suka rabu. Hatimin ya ɗan baje, amma sunanta yana nan, ko harafi bai tafi ba. Ya ce ta karanta masa, shi bai yi boko ba. Ta karanta, shi kuma yana gyaɗa kai.

Biyu saura kaɗan ta isa ofishin. Ma'aikaciyar da ke duba takardu ta ɗaga takardar, ta kalli hatimin, ta ɗan shinshina ƙanshin hayaƙin da ke jiki. Ta dubi budurwar, ta sa alama a gaban sunanta, ta ce ta shiga, ita ce ta gaba.